Tambaya da Amsa: Tallafin binciken kamfanoni, wa ke bayarwa kuma me ake yi da shi?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi kuɗin tallafin da wasu cibiyoyi ke bai wa ƴan jarida domin su binciki yadda kamfanoni ke mu'amala da ma'aikatansu, da maƙwabtansu, da ruwa da ƙasar da suke aiki a kai. Mun taƙaita tambayoyin, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne da ke aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Maraɗi, kuma da Hausa nake gabatar da shirye-shiryena. Akwai wata masana'anta da masu lambu ke kuka da ruwan dattin da take saki, har suna cewa shukarsu na ƙonewa. Na ji ana cewa akwai masu ba da kuɗi domin irin wannan bincike. Shin gaskiya ne, kuma irina zai iya samu, ko kuwa rabon manyan ƴan jaridar Yamai ne masu rubutu da Faransanci? Daga wani ɗan jarida, unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya ne akwai wannan tallafi, kuma aiki da Hausa ba ya hana samunsa, ko da yake takardar neman da Faransanci ko Ingilishi za ka rubuta ta. Wadda ta fi kusa da mu ita ce CENOZO, cibiyar ƴan jarida masu bincike ta Afirka ta Yamma da ke Wagadugu, wadda aka kafa a 2015 aka sa mata sunan Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina Faso da aka kashe ranar 13 ga Disamban 1998 yana tsakiyar wani bincike. Da Faransanci take aiki, ta san yanayin ƙasashenmu, kuma takan haɗa mai bincike da edita mai bibiyar aikinsa. Akwai Cibiyar Pulitzer ta Amurka, wadda ke karɓar buƙata daga ƴan jaridar kowace ƙasa, har da waɗanda ba su da kafaffen wurin aiki. Akwai Earth Journalism Network mai ba da ƙananan tallafi kan labaran muhalli, da Journalismfund Europe ta ƙasar Beljiyam, wadda galibin shirye-shiryenta ke neman ƴan jarida daga ƙasashe aƙalla biyu su haɗa hannu. Kowace cikinsu tana buɗe ƙofar nema ta kuma rufe a lokacin da ta tsara, sharuɗɗan ma suna canzawa, saboda haka sai ka riƙa duba shafinsu na intanet da kanka. Ƙungiyar GIJN, mai haɗa ƴan jarida masu bincike na duniya, tana tattara sanarwar irin waɗannan damammaki, har da Faransanci. Duk wanda ya aiko maka da saƙo ta WhatsApp cewa ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka tallafi, ɗan damfara ne, domin babu cibiya ta gaskiya da ke karɓar ko dala ɗaya daga mai nema.

Abin da na fi so ka fahimta shi ne cewa wannan kuɗi ba albashi ba ne, ba kuma ladan jarumta ba ne, kuɗin samo hujja ne. Kukan masu lambu shi ne mafarin labarinka, amma idan ka tsaya a kansa, mai masana'anta zai ce tsutsa ce ko ƙarancin taki ya ƙona shukar, maganarsu da tasa su yi kunnen doki, kai kuma ka wayi gari a gaban alƙali bisa zargin ɓata suna. Abin da ke raba gardama shi ne takardar sakamakon gwaji daga ɗakin gwaje-gwaje, kuma ita ce albashin ma'aikacin rediyo ba ya iya biya.

Mu mutanen wannan jiha mun ga misalin haka a ƙofar gidanmu. A Tsibirin Gobir, bayan da aka fara shan ruwan wata rijiyar foraj da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980, yara suka riƙa tasowa da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a tanƙware, aka yi shekaru ana ta fassara abin, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa gado ne. Sai da aka auna ruwan aka gano cewa sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a kowace lita, nesa ba kusa ba. Da wannan sakamako ne ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da takwararta ta duniya FIDH suka fitar da rahotonsu a 2002, suka ɗora alhakin a kan kamfanin ruwa na ƙasa na wancan lokaci, SNE. Ɗaruruwan yara sun riga sun naƙasa kafin a kai ga nan, kuma ina da yaƙinin cewa da an auna ruwan tun farko, an kuma faɗi sakamakon da Hausa a inda iyaye za su ji, da yawansu sun tsira. Haka aka yi a Arlit, inda kamfanonin SOMAÏR da COMINAK suka shafe shekaru da dama suna haƙar yuraniyom. Mutanen garin sun daɗe suna magana, amma maganar ba ta yi nauyi a waje ba sai da ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin ta gayyato masu awon tiririn nukiliya na cibiyar CRIIRAD daga Faransa a ƙarshen 2003, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace kuma ta biyo baya a 2009, aka samu ƙarafan da suka gurɓace da tiririn nukiliya ana sayar da su a kasuwa, aka kuma samu yuraniyom fiye da ƙima a wasu ruwan sha.

Saboda haka, tun kafin ka rubuta wa kowa, ka yi ɓangaren aikin da kuɗin kabu-kabu ya isa a yi shi. Ka je lambunan da kanka, ka ga inda ruwan yake fitowa da inda yake bi, ka ɗauki hoto, ka rubuta rana da wuri. Ka ji daga bakin masu lambu da dama, kowa shi kaɗai, domin idan ka tara su wuri ɗaya mai babbar murya ne zai yi magana a madadin kowa. Ka nemi sanin mamallakan masana'antar a rajistar kasuwanci ta RCCM. Ka tambaya ko an yi nazarin tasirin aikin a kan muhalli, domin dokar 2018 ta wajabta hakan ga irin waɗannan ayyuka, kuma hukumar BNEE ce ke kula da shi. Alƙawuran da kamfani ya ɗauka a cikin wannan takarda su ne ma'aunin da za ka gwada aikinsa da shi. Muna kuma da dokar 2011 da ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma. Ko da ba a amsa maka ba, kwafin wasiƙarka mai ɗauke da hatimin karɓa shi ma hujja ne da za ka ajiye.

Da wannan a hannu ne za ka rubuta buƙatarka, kuma ka tsuke ta. Wanda ya ce zai binciki gurɓacewar muhalli a jihar Maraɗi bai faɗi kome ba, amma wanda ya ce zai tabbatar ko ruwan da masana'anta kaza ke saki yana ɗauke da abin da ke lalata lambunan da ke ƙasa da ita, ya kuma gano wanda ke da alhakin sa ido a kai, ya nuna cewa ya san inda ya dosa. A kasafin kuɗin ka saka farashin gwaji na gaskiya, bayan ka tambayi ɗakin gwaje-gwaje, ka kuma nemi shawarar malaman kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kan abin da ya kamata a nema a cikin ruwan. Ruwan da aka ɗebo a gorar lemo babu mai yarda da sakamakonsa. Ana ɗiba ne a kwalaben da ɗakin gwajin ya bayar, a sama da magudanar da kuma ƙasa da ita, a ranaku daban-daban, a gaban shaida, idan da hali kuma a raba samfurin tsakanin ɗakunan gwaji biyu. Ka saka kuɗin mota, da na fassara, da na lauyan da zai karanta aikin kafin a watsa shi. Kuɗin Yuro 1,000 ya kama kusan jaka 656 na sefa, don haka ƙaramin tallafi ma yana iya ɗaukar wannan aiki idan ba a kumbura lissafi ba. Daga ƙarshe ka haɗa da wasiƙar shugaban gidan rediyonku mai tabbatar da cewa za a watsa binciken, domin masu ba da tallafi ba sa son kashe kuɗi kan aikin da zai ƙare a cikin kwamfuta. Yawan masu sauraronka a ƙauyukan da abin ya shafa, waɗanda jaridar Faransanci ba ta isa gare su, babban abin dogaro ne gare ka, kuma ya kamata ka faɗe shi a fili cikin takardar.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ba ɗan jarida ba. Abin da ke damuna shi ne, me ya sa Turawa za su biya kuɗi domin a tono asirin kamfanonin ƙasarmu? Ai in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ba hanya ce ta karya ƴan kasuwarmu da shigo da manufofin waje ba? Daga wani Alhaji, babbar kasuwar Maraɗi.

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma duk ɗan jaridar da ya raina ta bai yi wa sana'arsa adalci ba. Babu mai ba da kuɗi da ba shi da abin da ya fi damunsa. Wata cibiya daji take so a yi magana a kai, wata ma'adinai, wata sauyin yanayi, kuma haɗarin da na fi gani a tsakanin matasanmu shi ne mutum ya bar matsalar da ke gabansa ya koma neman labarin da ya dace da sanarwar da aka fitar. Wannan ma karkata ce, ko da babu wanda ya umarce shi da kome. Dogaro da kuɗin waje kuma yana da wata illar da ta bayyana a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumar USAID, ayyukan kafofin watsa labarai da dama a Afirka suka tsaya cak.

Amma ina roƙonka ka dubi waɗanda irin wannan bincike ya fi taɓawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka naƙasa. Jaridar Washington Post ce ta bankaɗo lamarin ga duniya a ƙarshen 2000, kuma sai a 2009 kamfanin ya amince da sulhun dalar Amurka miliyan 75 da gwamnatin jihar Kano. A 2006 sharar gubar da aka jibge a Abijan ta fito ne daga wani jirgin ruwa wanda kamfanin Trafigura ya yi haya. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta nuna yadda dillalan mai na can ke sayar wa Afirka ta Yamma man da Turai ba za ta yarda a zuba a motocinta ba saboda yawan farar wuta da ke cikinsa. A Janairun 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a Holan ta ba manoman yankin Neja Delta gaskiya a kan reshen Shell na Najeriya, bayan shari'ar da aka fara tun 2008. Duk waɗannan manyan kamfanonin waje ne, kuma waɗanda aka cuta talakawan Afirka ne. Faransa ma tana da dokar 2017 da ta ɗora wa manyan kamfanoninta alhakin sa ido kan abin da rassansu da masu yi musu kwangila ke aikatawa a ko'ina, wanda ke nufin hujjar da aka tattara a ƙauyenmu tana iya yin aiki a kotun can.

Kuma haƙƙin ba ya canzawa idan kamfanin na gida ne ko na gwamnati. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2011 sun ce gwamnati ta kare jama'a, kamfani ya mutunta haƙƙinsu, wanda aka cuta kuma ya samu hanyar neman gyara. Bayan da gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa a 2025, ma'aikacin da ke shaƙar ƙura a Arlit yana da haƙƙin da yake da shi a da. Mutum aƙalla 18 da ramin zinariya ya rufta da su a Garin Liman, yankin Ɗan Isa, a Nuwamban 2021, da yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ba Bature ba ne ya tura su, amma akwai masu sayen zinariyar, akwai masu cin riba, kuma tambayar ko su wane ne tambaya ce ta halal.

Hanyar gane tallafi mai tsabta ba ta da wuya. Mai bayarwa ba ya neman ganin labarin domin ya sauya sakamakonsa, ba ya zaɓa wa ɗan jarida wanda zai zarga, ba ya hana a ambaci sunansa, kuma ɗan jaridar yana faɗa wa masu sauraro daga ina kuɗin ya fito. Wanda ya gindaya sharaɗin da ya saɓa wa haka, a mayar masa da kuɗinsa. Kuɗin da ya fi rufe bakin ƴan jarida a garuruwanmu shi ne ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota, da tallar da ake janyewa daga gidan rediyo idan ya faɗi abin da ba a so. Tun da Allah ya hore wa ƴan kasuwar Maraɗi, ina fatan wata rana su haɗa asusun gwajin ruwa da ƙasa a ƙarƙashin amintattun da ba su da hannu a kasuwancin da ake bincika, domin ruwan Gulbi da na tafkin Madarumfa ƴaƴansu ma suna amfani da shi.

Tambaya: Malam, na nemi tallafi kan yadda ake shigo da maganin ƙwari marar rajista, irin su piya-piya, ana sayar wa manoman Jiratawa, amma ba a ɗauke ni ba, an ce ana son aikin haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe. Yaya zan yi? Daga wata ƴar jarida, unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Malama, labarinki ai tun asali na ƙasashe biyu ne, domin kayan ta iyaka suke shigowa. Ki nemi abokiyar aiki a Katsina ko Kano wadda za ta bi sawun maganin daga inda ake haɗa shi ko ake sake zuba shi a kwalabe, ke kuma ki riƙe ɓangaren masu sayarwa da manoma da asibitocin da ake kai waɗanda suka sha guba. Harshe ɗaya kuke yi, kuma ita tana iya kai buƙatar ga cibiyoyin binciken jarida na Najeriya irin su CJID da ICIR na Abuja, ko Cibiyar Wole Soyinka ta Legas. Ƙasashen CILSS, wato ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, suna da kwamitin da ke yi wa magungunan ƙwari rajista, kuma gwada jerin sunayensa da abin da ke kan teburin masu sayarwa aiki ne da za ki iya farawa gobe. Ki kuma duba gidauniyar IWMF da ke tallafa wa mata ƴan jarida. Ki rubuta yarjejeniya da abokiyar aikin tun farko kan rabon kuɗi da ranar watsawa, ki kuma tambayi waɗanda suka ƙi ɗaukarki dalilinsu, domin wasu sukan amsa, kuma amsar tana gyara buƙata ta gaba.

Tambaya: Idan ma'aikacina ya samu tallafin, aka watsa labarin, kamfani ya kai mu kotu, masu ba da kuɗin za su tsaya mana? Daga shugaban wani gidan rediyon al'umma, yankin Gidan Rumji.

Amsa: Malam, kada ka dogara da hakan sai idan an rubuta shi a yarjejeniya. Galibin cibiyoyin suna bayyana cewa alhakin abin da aka watsa yana kan ɗan jarida da kafarsa. Wasu suna taimakawa da lauya kafin watsawa, wasu ƙungiyoyi irin su Media Defence da ke Landan suna tallafa wa ƴan jaridar da aka gurfanar, amma ku ne za ku tsaya gaban alƙali.

Dokar ƴancin aikin jarida ta 2010 ta cire ɗauri daga laifuffukan jarida, sai dai dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofar. An sassauta ta a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ta hanyar intanet. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin shirin da aka watsa a rediyo idan aka ɗora shi a Facebook ko aka yaɗa muryar ta WhatsApp yana iya faɗawa ƙarƙashin waccan doka. Yanayin da ake ciki kuma ya sa ana kallon kuɗin waje da idon tuhuma, don haka a karɓe shi ta banki, a ajiye yarjejeniyar da kowane rasiɗi, a kuma tuntuɓi lauya kan abin da doka ta tanada a lokacin kafin a sa hannu.

Babbar kariyarku ita ce yadda aka gudanar da aikin. Ku rubuta wa kamfanin tambayoyinku dalla-dalla, ku ba shi isasshen lokaci, ku karɓi hatimi a kwafinku, kuma ku watsa amsarsa cikakkiya ko da ba ta yi muku daɗi ba. Kada a ce wane ya kashe ko ya cuci wane idan abin da takarda ta nuna shi ne an samu sinadari kaza a ruwa. A faɗi abin da aka auna, a bar likita ko masani ya bayyana illarsa da bakinsa. A ajiye kwafin hotuna da muryoyi da sakamakon gwaji a wurare fiye da ɗaya, wani a wajen gari.

Akwai kuma waɗanda suka fi ku shiga haɗari, wato leburan da ya nuna muku magudanar da mai lambun da ya yi magana, waɗanda ba su da katin aikin jarida kuma ba su da lauya. A ƙaramin gari murya kaɗai ta isa a gane mutum, don haka sakaya suna bai wadatar ba. A sa wani ya karanta maganarsa, a cire duk abin da zai nuna sashen da yake aiki ko gonar da yake nomawa, kuma a faɗa masa gaskiyar abin da ka iya biyo baya kafin ya amince. Idan an watsa shirin, ma'aikacinku ya koma wurinsu da kwafin sakamakon gwajin, ya fassara musu shi da Hausa, domin su ne za su kai shi gaban magajin gari ko hukumar muhalli idan suka yanke shawarar neman gyara.